Amaryar Jikin Bango

Kwandasta yana jan ƙofar motar ke nan Adewoyin ya cusa sandarsa a tsakani.

"Baba, babu wuri!"

"Akwai. Matar can ta ɗora kwandonta a cinya."

Matar ta harare shi, sannan idonta ya sauka kan murjanin da ke wuyansa, ta ɗauke kwandon tana gunaguni. Ya zauna a takure, gwiwoyinsa suna gugar kujerar gaba. Motar ta fita daga tashar Abeokuta ta kama hanyar Legas.

Rabonsa da motar haya tun yana saurayi. Ga mota a gida, ga direba yana zaman banza a ƙarƙashin mangwaro, amma tun da aka binne matarsa Abeni bai iya shiga motar gidan ba. Sau ɗaya ya buɗe ƙofarta, warin shuni da man kanta suka tarbe shi kamar yanzu ta fita, ya mayar da ƙofar ya rufe a hankali. Kuma yau ba ya son direba ya ga inda za shi, don kafin magariba duk garin Ilaran zai ji.

Da safen nan yayansa Adeyanju ya faɗo masa ko sallama babu, waya a hannu.

"Ka gani? Ka ga abin da ake yi da mu?"

Adewoyin ya nisanta wayar daga idonsa. Hoton wani zane ne rataye a farin bango, ƙarami ƙwarai, bai gane komai ba sai launuka.

"Ranar baikonka ce! Zanen la'anannen nan Lamidi. Yana can Legas an rataye shi, 'yan boko suna shiga suna dariya. Jiya a gidan Balogun, sarkin yaƙi, aka nuna mini, masu zaɓen sarki har uku suna zaune, kowa yana danne bakinsa da hannun riga."

"An ƙone zanen nan, Yaya. Tun kafin a ɗaura aure."

"To, tokarsa ce ta tashi ta hau bango? Ka ji ni da kyau. Gadon sarauta ya zagayo gidanmu, kai muka tsayar. Ba za a ɗora wa mutum kambu ana nuna shi a waya ana cewa ga wanda aka saya da atamfa ba. Ka je ka sauke shi. In roƙo ne ka roƙa, in lauya ne a nemo."

Shi ya sa yake cikin motar nan, tsakanin mai kwandon barkono da wani ɗalibi da ya toshe kunnuwansa.

Ba wanda aka ɗaure aka kai a auren nan, wannan kam Adewoyin ba zai yi wa matattu ƙarya ba. Gidansu gidan sarauta ne, amma a lokacin in hadari ya haɗu ƙannensa mata sukan bi ɗaki ɗaki suna jera kwanoni. Mahaifinsa yana da babbar riga ɗaya ta fita, da kirari mai tsawon da maroƙa sukan gaji kafin su kai ƙarshe. Ita kuwa Alhaja Wuraola, mahaifiyar Abeni, a kasuwar Itoku ba a ɗaga bandir ɗin adire, yadin nan mai rinin shuni, sai da saninta. Tana da shaguna, tana da manyan motoci, abu ɗaya ta rasa: in an je taro, sai a zaunar da ita bayan matan da ke cin bashin zane a wurinta, don su matan gidan sarauta ne. Manya suka zauna suka ga kowa yana da abin da ɗaya ya rasa. Aka tambaye shi, ya ce to. Aka tambayi Abeni, wadda a lokacin ita ke riƙe da marinar uwarta, ma'aikata suna tsoronta fiye da Alhaja, ta ce a ba ta mako. Da makon ya cika ta ce to.

Alhaja ta ce hoton kyamara na kowa ne, ita zane take so irin na gwamnoni. Aka nemo Lamidi, mai zana allunan masu aski da bayan manyan motoci. Ya zauna a lungu ranar baiko yana ta ja da fensir, ba wanda ya kula shi. Ranar da ya kawo aikin Adewoyin ba ya nan. Ya dai ji labari cewa Alhaja ta bi Lamidi da taɓarya har bakin titi, ta sa aka cinna wa zanen wuta, Lamidi kuma ya bar garin.

Shekara arba'in da wani abu suka yi tare. Ta gyara rufin gidan, ta ɗora masa bene, ta aurar da ƙannensa. Ba su taɓa faɗan da maƙwabta suka ji ba. Kullum da safe takan durƙusa kaɗan ta ce, "Omooba, an tashi lafiya?" Ɗan sarki, haka ta kira shi tun daga ranar farko har ranar ƙarshe, kuma har yau bai san ko girmamawa ce ko tsokana ba. Yanzu ma da asuba yakan ji ƙarar makullanta a matakala, ya gyara zama yana jiran gaisuwar, sai ya ga ashe labule ne iska take kaɗawa.

A tashar Oshodi ta Legas ya sauka, ya shiga tasi, ya nuna wa direban sunan wurin. Gidan nunin zanen wani tsohon bene ne da aka shafe da farin fenti, ciki sanyi kamar asibiti. Mutane suna yawo a hankali, hannuwa a baya. Bai tambayi kowa ba. Dariya ya bi, ta kai shi ɗaki na ƙarshe.

Bai zaci zanen ya kai haka girma ba. Ya cinye rabin bango.

Ga mahaifinsa a kan kujerar kakanni, ƙirji a buɗe, haɓa a sama, ƙafar kujerar ɗaya ta karye an tallafe ta da gwangwanayen madara. Ruwa yana ɗiga daga rufi cikin kwano daidai gefen takalminsa, akuya kuma ta kama jelar dokin da yake fifita da ita tana tauna, bai sani ba. Ga Alhaja a kan tulin bandira, har kanta ya fi na ɗan sarki tsawo, haƙorin zinarinta yana haska rabin ɗakin. Ta miƙa hannu ta kama kunnen ango tsakanin yatsa biyu tana murzawa, yadda take murza yadi in tana son ta san ko zai yi zuba. Dangi sun cika baya, kowa baki a buɗe, ido a kan tukunya.

Ga shi kuma. Siriri, kyakkyawa, hula a karkace. An kama masa kunne amma ko a jikinsa. Ya juya wuya gaba ɗaya yana leƙen taga, inda sabuwar Fijo fara take tsaye an ɗaura mata ƙyalle ja.

A asibiti, kwanaki kaɗan kafin ta cika, Abeni ta buɗe ido da rana tsaka ta ce, "Omooba, ranar nan me kake kallo ta taga?" Ya ce wace rana? Ta ce ranar da aka kawo kayan baiko. Ya ce ai shi bai tuna akwai taga a ɗakin ba. Ta yi murmushi ta rufe ido. Ya ɗauka maganin ne yake sa ta sambatu.

Sai a ƙarshe ya yarda ya dubi gefen dama.

Ita kaɗai ce mai zanen bai yi wa ba'a ba. Tana zaune a bakin benci, an naɗa mata ashoke mai nauyi, an jibga mata zinari, amma ta zare takalman ta tura su ƙarƙashi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Hannuwanta suna cinya, faratan shuɗi da rini. Ba ta kallon uwarta, ba ta kallon ango. Waje take kallo, kai tsaye, ga duk wanda ya tsaya a gabanta. Ba kuka a fuskar, ba murmushi. Fuskar mai jira ce a tambaye ta wani abu.

Ya matsa hagu, idon ya bi shi. Ya matsa dama, ya bi shi. Ya kwana gida ɗaya da matar nan har gashinsu ya yi fari, bai tuna ranar da ta dube shi haka ba. Ko kuwa ta duba, shi ne yake kallon wani wuri.

"Hancin nan dai bai canja ba. Na sha wuyarsa."

Ya waiwaya. Wani tsoho ne a keken guragu, ƙanƙani kamar an wanke shi ya tsuke, kwalbar gyaɗa a cinyarsa, hannunsa na dama yana rawa ba tsayawa.

"Lamidi."

"Omooba. Ka yafe mini, ba zan iya kwanciya in gaishe ka ba. In na kwanta sai an kira mutum huɗu." Ya karkata kwalbar. "Gyaɗa?"

"An ce an ƙone shi."

"An ƙona wani abu, ba shakka. Allon wani mai aski ne da bai biya ni ba, kawuna shida, kowanne da irin askinsa. Matarka ta juya shi rub da ciki ta jefa a wuta da hannunta. Alhaja tana kallo daga bene, ba tabarau, tana cewa a ƙara kananzir." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wannan kuwa a cikin bandir ɗin adire ya iso Legas, a motar Alhajar kanta."

Adewoyin ya nemi benci ya zauna.

"Duk shekarun nan yana wurinka?"

"A ɗakina a Mushin, bayan kabad. Nata ne, ajiya ta ba ni. Turawa sun zo sun taya, na ce ba nawa ba ne. In ta shigo Legas sarin kaya sai ta biyo. Matata ta gasa mata ayaba, in jawo shi in jingina da bango, ta cire takalmi ta zauna."

"Ta ce me?"

"Wani lokaci dariya take yi har hawaye, musamman akuyar nan. Wani lokaci ba ta cewa komai. Ta zauna har ayabar ta huce, ta sa takalminta ta ce a mayar."

Akwai tambayar da Adewoyin yake son yi. Ya dubi sandarsa, ya dubi ƙasa.

"Tsakaninka da ita..."

"Kai, Omooba! Ni?" Tsohon ya buga hannun keken. "Matar da take cewa in matsa can ina warin fenti? Da ta ji ka yanzu da ta mutu sau biyu. Ba ni take zuwa gani ba. Ni maigadi ne."

"To, wa take zuwa gani?"

Lamidi ya ɗaga kafaɗa, ya nuna bangon da haɓa. "Mutum nawa ne a ciki? Zaɓi."

Wasu 'yan mata suka shigo, suka tsaya gaban zanen. Ɗaya ta nuna kunnen angon, suka fashe da dariya, ɗayar ta ce wallahi sak mijin yayarta. Suka wuce. Ba wadda ta dubi dattijon da ke kan benci.

Wata rana ta faɗo masa a rai, wadda ya daɗe bai bari ta faɗo ba. Ranar da suka binne ɗansu na fari, yana ɗan shekara biyar. Da la'asar mutane suka ɗan ragu, yana zaune a baranda, ta zo ta zauna kusa da shi, kusa ƙwarai, ta zare takalminta ta ɗora tafin ƙafarta a kan tasa. Ƙafar tana da sanyi. Sai ga motar wani basarake ta tsaya a ƙofa, ya zame ƙafarsa ya tashi ya gyara hula ya tafi tarba. Da ya dawo ta shiga ciki. Ba ta sake ba.

"Wa ya ce ka rataye shi a nan?" Adewoyin ya tambayi Lamidi.

"Ita."

"Ƙarya kake."

"Da wannan hannun nake cin abinci, Omooba, ka ga yadda yake rawa. Ban da sauran lokacin ƙarya. Zuwanta na ƙarshe daga asibiti ta biyo, zanin jikinta ya zagaye ta kusan sau biyu. Ayabar ma ba ta ci ba. Na gaya mata yaran nan masu gidan nuni suna son tara ayyukana kafin in mutu. Ta ce, 'Ka ba su wannan. Amma ka bari sai na tafi.'"

"Ba ta san da maganar sarautar ba ke nan."

"A bakinta na ji maganar sarautar. Ta ce har telan da zai ɗinka maka kayan naɗi ta riga ta gani."

Gaskiya ne. Kayan suna nan cikin akwati a ɗakinta, ita ta zaɓi yadin, ita ta aika wa masu zaɓen sarki shanu da buhunan shinkafa, tana kwance tana ba da umarni ta waya. Hannun da ya tura shi zuwa gadon sarautar shi ne ya rataye wannan a bango.

"Don me?" ya ce. "In haushina take ji, me ya hana ta faɗa mini? Gida ɗaya muke."

"Na tambaye ta. Na ce, Iya Bimpe, wannan fansa ce ko mene ne? Ka san yadda take yi da baki in ɗan kasuwa ya taya kayanta da arha. Haka ta yi mini. Ta ce, 'Lamidi, kai dai rataye.'" Ya zuba gyaɗa a tafinsa, rabi ta zube ƙasa. "Amma ta bar maka magana. Ta ce in ka zo da ƙafarka, ba aike ba, ka tsaya ka kalle shi ka ce a sauke, to a sauke a naɗe a ba ka. Ka ƙone, ka jefa a teku, naka ne. Na gaya wa masu wurin tun farko, sun yarda. Kalma ɗaya za ka faɗa, kafin la'asar bangon nan ya zama fari."

Adewoyin ya daɗe yana kallon gyaɗar da ta warwatsu a ƙasa.

"Ta ce zan zo?"

Tsohon ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa.

"Ta ce direba za ka aiko."

Sanyin ɗakin ya shiga masa har ƙashi. Yana so ya ce mata ga shi, a motar haya ma ya zo, gwiwarsa har yanzu tana ciwo, mai barkono ta harare shi. Ya ɗaga kai. Tana nan tana kallonsa da fuskar 'yar shekara ashirin da wani abu, ƙafa kan ƙafa, tana jira. Ba inda zai kai maganar.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Adeyanju ne.

"Ka isa?"

"Na isa, Yaya."

"Ka gan shi? Ya kai munin da ake faɗa?"

"Na gan shi. Baba ya fito sosai. Har gwangwanayen."

"Wane gwangwani? Kai, ba hira na kira mu yi ba. Sun yarda za su sauke?"

"Sun yarda."

"Alhamdu lillahi! To, ka tsaya a kansu har sai ka ga an cire. Kada ka yarda da gobe. Ka taho da shi, ni da kaina zan kunna ashana."

Adewoyin ya dubi Lamidi. Tsohon ya kawar da kai yana ƙoƙarin rufe kwalbarsa, marfin yana ta kuɓuce masa.

"Yana nan inda yake, Yaya."

"Me ka ce?"

"Na ce a bar shi."

"Adewoyin, ka sha wani abu ne? Ka san abin da kake jefarwa? Tun zamanin kakanmu muke jiran zagayen nan! Matar nan ta zuba dukiyarta don ka hau, kai kuma..."

"Na sani. Ita ta zuba."

Ya kashe wayar. Ta sake ƙara, ya danne ta har ta mutu gaba ɗaya. Ya karɓi kwalbar daga hannun Lamidi ya murɗa marfin ya mayar masa. Can wata ma'aikaciyar wurin ta zo ta ce lokacin maganin Baba ya yi, ta tura keken. A bakin ƙofa tsohon ya ɗaga hannunsa mai rawa ba tare da ya waiwayo ba.

Ɗakin ya zama babu kowa. Adewoyin ya dogara sandarsa ya tashi, ya je gab da zanen, har yana ganin sawun burushi a kumatunta da ɗan tsagewar da fentin ya yi a gefen ashoken. Ya buɗe baki. Sunanta yake so ya kira, Abeni, ba Iya Bimpe ba, wato uwar 'yarsu Bimpe, yadda kowa yake kiranta, sai ya ga bai san yadda sunan yake fita daga bakinsa ba. Ya gwada a hankali, sau ɗaya. Muryar ta yi masa kama da ta baƙo.

Bai ji shigowar mutane ba. Wata mata ce mai jiki, riƙe da hannun tsohuwar uwarta, tsohuwar tana ta miƙa wuya ta hagunsa, ta damansa.

"Baba, don Allah ɗan matsa," matar ta ce. "Ka tare mana amaryar."

Ya ce su yi haƙuri. Ya ja sandarsa ya koma gefe.